Tebur Yana Da Ƙafa Huɗu, Amma Ba Ya Tafiya

A wannan wata muna so mu taɓa wata magana wadda in an ji ta sama-sama sai a ce ta mata ce da masu girki, alhali kuwa ta shafi mutuncin kowane gida a zangunanmu. Maganar ciyar da taro ce, musamman wannan salo da ya shigo mana wanda ake kira bufe, wato a jera abinci a kan dogon tebur, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi ya ɗebi abin da ransa ke so. Mun gwada shi sau uku a cikin danginmu, a Salaga da Yendi da Bawku. A karon farko mun sha kunya, kuma daga wannan kunya muka koyi abin da za mu faɗa muku a nan.

Gidanmu na Salaga ne. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar Gwanja neman goro. Wasu ayarorin su kan bi ta Sansanne Mango su sauka a Yendi kafin su iso Salaga, wasu kuma su ratso ƙasar Mosi su shigo ta Bawku da Gambaga. Wannan ne ya sa har yau danginmu ke warwatse a waɗannan garuruwa uku, kuma ba a yin sha'ani a ɗaya sai an ga mutanen sauran biyun. Ciyar da jama'a kuwa gadonmu ne. A zamanin da kasuwar Salaga ke ci, maigida shi ke saukar da baƙin fatake, ya ba su ɗaki, ya aika musu da ruwa da tuwo tun kafin a fara maganar ciniki. Yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa garin, mutane da yawa suka koma Yeji da Kumasi da Kete Krachi, cikinsu har da babban malaminmu Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Krachi a 1934. Kasuwa ta tafi, amma halin saukar baƙo bai bi ta ba.

Mu da muka taso a cikin wannan hali mun san yadda ake yi. Kwana biyu kafin biki mata sun taru a tsakar gida, Magajiya na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana raba aiki. Wannan ta kawo itace, waccan ta kawo daddawa, wata ta zo da tukunyarta. Ranar biki a kafa manyan tukwane a kan duwatsu uku, a tuƙa tuwo, a malmala a cikin langa, mutum biyar ko shida su kewaye kwano guda. Dattawa a kai musu zaure, malamai a kai musu inda suka zauna. Kafin kowa ya ci kuwa, an riga an ɗora wa yara kwanuka a ka sun shiga unguwa gida-gida, wannan na tsohuwa mai ciwon ƙafa, wannan na mai jego, wannan na baƙon da ya sauka a masallaci. Babu wanda ya rubuta wannan tsari a takarda, amma ba a taɓa mantawa da kowa ba.

To, wasu shekaru da suka wuce muka tashi aurar da 'yarmu a Salaga. 'Ya'yanmu da ke Nima ta Ankara da waɗanda ke Kumasi suka ce zamani ya canza, a yi bufe kamar yadda ake yi a manyan garuruwa, su za su biya. Mu ma abin ya burge mu, ba za mu ɓoye ba. Aka buga kati 300, aka ɗauko hayar kujeru da rumfuna, aka kawo masu girki daga wani babban gari da tukwanensu masu ƙyalli. Aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka jera furannin roba. Duk wanda ya leƙo sai ya ce kai, gidan nan sun yi abin a zo a gani.

Ana shafa fatiha samari suka miƙe. Nama shi ne a farkon tebur, kuma babu mai tsaronsa. Kafin malamai su gama gaisawa da juna, babu sauran tsoka ko ɗaya, sai romo da albasa. Mutum 300 muka ƙidaya, amma waɗanda suka zo sun kusa ninka haka, domin walimar zango ba ta da ƙofa, duk wanda ya ji sanarwa a masallaci ɗan gayya ne. Shinkafar da ta rage kuwa ta sha rana a buɗe tun hantsi, zuwa la'asar ta fara tsami. Farantai muka riƙa kwashewa da rabin abinci a kansu muna zubarwa, alhali akwai waɗanda ba su sa komai a baki ba.

A cikin waɗanda ba su ci ba har da Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya taso daga Bawku ya biyo ta Bolgatanga da Tamale, yini guda yana kan hanya. Yana nan zaune a kujerar gaba da rawaninsa, hannayensa a kan sanda, har aka kira la'asar ya tashi ya tafi masallaci. Sai da dare muka ji cewa yaro ya aika ya sayo masa burodi da shayi. Muka je muka durƙusa muka ce, "Kawu, ka yafe mana, wallahi ba mu lura ba." Ya ce, "'Ya'yana, ban yi fushi ba. Amma ni da furfurata ba zan ɗauki faranti in tsaya a bayan jikana ba. Ko a gidan wanda ban sani ba ban taɓa yin haka ba, balle a gidan 'yar uwata."

Washegari da safe kuma sai ga yarinya daga gidan da ke jikin katangarmu. Matar gidan tana cikin takaba, ba ta fita. Yarinyar ta ce, "Inna ta ce a gaishe ku da hidima, Allah ya ba amarya zaman lafiya." Iyakar saƙon ke nan. Shekara da shekaru ba a taɓa ɗora tukunyar biki a gidanmu ba tare da kwano ya ƙetara wannan katanga ba, sai ranar da muka fi kashe kuɗi. Goggo, yayar mahaifinmu, tana zaune tana jin komai. Ta ce, "Ku yaran nan, tebur yana da ƙafa huɗu amma ba ya tafiya. Kwano ba shi da ƙafa ko ɗaya, amma babu gidan da ba ya shiga."

Kada mai karatu ya zaci muna cewa bufe mugun abu ne. Yana da amfaninsa. Mai ciwon sukari ko hawan jini yana iya zaɓar abin da jikinsa ke karɓa. Baƙon da bai saba cin kwano ɗaya da mutane ba yana sakewa. Ba a kuma kwana uku ana bin unguwa neman langar da ta ɓace. Amma ya kamata mu san asalin abin. Kalmar ta Faransanci ce, sunan wani teburin jikin bango da ake jera kwanuka a kai. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan salo sun san adadin baƙinsu tun kafin ranar, kuma a wurinsu babba ya bi layi ba abin kunya ba ne. Mu kuwa ba mu san adadin baƙinmu, kuma muna da kunya, muna da surukuta, muna da matan da ba sa fita. Laifinmu shi ne mun ɗauko tebur mun ajiye kwano.

Da aka tashi sunan jikanmu a Yendi, sai muka damƙa wa Goggo ragamar komai. Yendi gari ne da ya san taro. Duk wanda ya ga yadda ya cika a watan Disamba na 2018 da Janairu na 2019, lokacin da aka yi makokin Ya-Na Mahamadu Abdulai IV da na Ya-Na Yakubu Andani II, kafin a naɗa Ya-Na Abukari Mahama II, ya san abin da muke nufi. Haka kuma duk shekara in Damba ta zo. Gari ne kuma na ladabi, inda yaro ke durƙusawa ƙasa ya gai da babba. A irin wannan wuri, ka ce dattijo ya riƙe faranti ya bi layi, ka zubar da girman gidanka ne a idon Dagwamba masu gari.

Abu na farko da Goggo ta sa muka yi shi ne ɗauko takarda da biro, mako guda kafin ranar. Ba sunayen masu zuwa ta ce mu rubuta ba, sunayen waɗanda ba za su zo ba, da waɗanda ko sun zo ba za su tashi ba: tsofaffi, marasa lafiya, masu takaba, masu jego, surukai, limami da malamai, Sarkin Zango, mai unguwa, maƙwabta na dama da na hagu ko da ba addininmu ɗaya ba, da makarantar allo ta unguwa. Kwano 46 muka samu. Ta ce a raba abinci kashi uku. Kashi na farko na waɗannan kwanuka ne, kuma su za a fara zubawa, a ba yara su fita da su kafin a ɗora ko cokali a kan tebur. Kashi na biyu na tebur ne. Kashi na uku kuma a bar shi a tukunya a ɗaki, saboda masu makara, da masu aikin girki waɗanda sau da yawa su ke kwana da yunwa.

Game da yawan abinci, ga abin da muka lura da shi a hannunmu. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana fitar mana da faranti wajen 400 in akwai mai riƙe da ludayi, amma in kowa zai zuba da kansa, da ƙyar ya wuce 300, domin ido ya fi ciki yunwa. Adadin da ka yi tsammani kuma ka ƙara masa rabinsa. In ya rage ba asara ba ce, akwai almajirai da matafiya a tasha.

Sai jeren tebur. A bakin shiga aka ajiye ruwan wanke hannu da sabulu, a cikin bokitin nan mai famfo da ake kira Veronica, wanda wata 'yar ƙasar nan, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, kuma ya shiga ko'ina a lokacin cutar korona a 2020. Daga nan sai farantai. Sannan abinci mai cika ciki: wake da shinkafa da aka dafa da kanwa da karan dafi har ya yi ja, wanda mutanen kudu suka karɓa daga hannunmu har da sunansa suna ce masa waakye, da dafa-duka, da wasawasa ta garin doya, da tuwon zafi. Bayansu abin haɗi, wato taliya da gari da ƙwai da shito, sai miyar ayoyo da miyar kuka da jar miya. Nama shi ne na ƙarshe, a lokacin faranti ya riga ya cika, kuma aka zaunar da mace mai shekaru a gabansa, wadda babu saurayin da zai iya yi mata gardama. Tsoka biyu, a wuce. Sauran tukwanen ma kowace da yarinyar da ke zubawa, mai ci ya nuna, ita ta zuba.

Tebur biyu aka yi, na maza a waje ƙarƙashin rumfa, na mata a cikin gida, kowanne da irin abincin ɗaya, domin kada a ce an ba wani ɓangare saura. Abin sha kuma, zoɓo da lamurje da ruwan leda, aka kai shi can gefe guda, saboda mai riƙe da faranti ba shi da hannun karɓar kofi, kuma a nan layi ke cushewa. Yara aka shimfiɗa musu tabarma da manyan tire, kamar yadda aka yi mana muna ƙanana.

Akwai abincin da bai yarda da tebur ba. Yendi ƙasar doya ce, kuma baƙo ya kan so a kirɓa masa sakwara, amma sakwara ba ta jira, daga turmi sai baki. Saboda haka dattawa kaɗai aka yi wa ita aka kai musu zaure da zafinta. Tuwo kuwa aka ƙunsa malmala-malmala aka jera a cikin kula, ana fito da goma-goma. Miya aka ɗora a kan kurfoti da ɗan garwashi a bayan tebur. Ma'aikatan lafiya suna gargaɗi cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye babu wuta babu sanyi, kuma shinkafa ta fi saurin juyawa. Don haka kada a juye tukunya gaba ɗaya a kan tebur, a riƙa ƙarowa kaɗan-kaɗan.

Maganar ado kuma, furannin roba muka bar su a cikin kwali. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, aka gitta saƙi irin wanda ake ɗinka fugu da shi a tsakiya. Aka kife wasu kwanuka a ƙarƙashin ƙyallen ta baya, aka ɗora tukwanen baya a kansu don su ɗaga, mai zuwa ya ga komai ba sai ya miƙa hannu ta kan miya ba. Lokacin hunturu ne, ƙura na sauka, saboda haka kowane mazubi da murfinsa ko faifai. Masa da ƙosai da funkaso aka zuba su a ƙore, lemo da ayaba a kwandunan Bolgatanga. A can ƙarshen tebur ƙwarya ce cike da goro, fari da ja, an rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Baƙin da suka zo daga Ankara su ne suka fi ɗaukar hoton wannan tebur, alhali duk abin da ke kansa daga ɗakunan iyayenmu mata ya fito.

Karo na uku a Bawku ne, walimar saukar karatu ta jikokin Kawu. A can wani darasi muka ƙaro, wato lokaci. An sa wa garin dokar hana fita a 2008, aka sake sa ta a ƙarshen 2021, kuma walimarmu ta faɗo a cikin kwanakin doka. Mutum ba ya cin abinci da daɗi yana kallon agogo. Saboda haka aka kwana ana girki a cikin gida, aka yi addu'a da hantsi, tebur ya buɗe kafin azahar, zuwa la'asar an naɗe rumfa kowa ya kama hanya da sauran rana. Zafin Bawku a watannin Maris da Afrilu ma ba ya barin abinci ya daɗe, don haka gaggawar ta yi mana amfani biyu. Kasuwar garin duk bayan kwana uku take ci, sai muka daidaita sayen zabi da albasa da ranar kasuwar da ke gab da walima. Ga waɗanda suka fito daga ƙauyuka kuma aka tanadar musu tekawe a ɗaure, su ɗauka su ci a gida.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai a Bawku shi ne takardar kwanuka. Kawu da kansa ya zauna ya faɗi sunaye muna rubutawa. A cikinta akwai gidan Kusasi, akwai na Mamprusi, akwai na Mosi da na Bisa. Wani daga cikin samarinmu ya ce, "Kawu, a irin wannan lokaci ba za a yi mana wata fassara ba?" Ya ce, "Yaro, ubana ya aika wa ubanninsu. In na tsallake gida ɗaya yau, wannan ne za a fassara." Akwai mutanen da a kwanakin nan ba za su tsaya a layi ɗaya ba, ko su zauna a rumfa ɗaya, amma kowannensu ya karɓi kwanon, ya mayar da shi a wanke da godiya.

Mu Hausawan ƙasar nan 'yan tsiraru ne a duk inda muke. A Salaga muna cikin Gwanjawa, a Yendi cikin Dagwamba, a Bawku cikin ƙabilu da yawa. Ba mu da sarautar ƙasa, abin da muke da shi shi ne kasuwa da makaranta da kyakkyawar maƙwabtaka. Waɗanda suka ga yaƙin 1994, wanda ya taɓa yankin Salaga da na Yendi, sun san cewa ranar tsanani maƙwabci ne ke buɗe maka ƙofa, ba mai riƙe da katin gayyata ba. Kwanon da ke ƙetara katanga yana cikin abubuwan da suka zaunar da mu lafiya tun zamanin fatake. In muka bar shi saboda tebur mai ƙyalli, mun yi musayar da ba ta da riba.

Muna kuma roƙon 'yan uwa kada a ci bashi saboda tebur. Mun ga gidajen da suka kwashe adashin shekara guda, suka ƙara da rance, don a ce kalar abincinsu ta kai goma sha biyu. Malamanmu suna tuna mana cewa walima tana yiwuwa ko da akuya guda, kuma wadda aka kira masu hali aka bar talakawa ba abin yabo ba ce. Abinci kala uku da ya ishi kowa ya fi kala goma da ya ƙare a hannun mutum hamsin na farko.

A ranar walimar Bawku mu da kanmu muka ɗauki akushin Kawu muka kai masa zaure, tuwo da miyar kuka da cinyar zabo. Ya ci tare da abokansa, aka kwashe kwanuka. Can sai muka gan shi ya fito yana dogara sanda, ya zagaya teburin daga farko har ƙarshe yana dubawa. Ya buɗe tsumman da ke kan ƙwarya, ya ɗauki farin goro guda, ya ce, "To, yanzu kun iya. Allah ya yi muku albarka."

Duk mai shirin biki ko suna ko sadakar arba'in a cikin watanni masu zuwa, ya yi teburinsa in yana so, ya ƙawata shi yadda ya ga dama. Amma ya fara da takardar waɗanda ba za su iya zuwa gaban teburin ba. Allah ya sa wa abincinmu albarka, ya ƙara mana zumunci, ya zaunar da Salaga da Yendi da Bawku da ƙasarmu Ghana lafiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.